Saiwoyin da Na Gani a Bangon Rijiya

Kwana huɗu ke nan injin ban-ruwan jikana yana tari. Ba tarin ƙarewar mai ba ne, wannan na san shi. Tari ne na abin da ya kai baki ga ruwa ya tarar ruwan ya matsa. Yakan ja, ya ja, ya tofar da kumfa, sa'an nan ya yi shiru, kuma duk shirun da ya yi sai gabana ya faɗi. Yaran gida suna cewa tsufa ne ke sa ni firgita da abin da bai kai ya kawo ba. Wataƙila da gaskiyarsu. Amma ni na taɓa yini a ƙarƙashin lambu, na ɗaga kai na kalli shuka ta inda ba a saba kallonta ba, kuma tun daga ranar ban sake yarda da kyan ganye ba.

A zamaninmu fadamar nan ba ta san wannan ruri ba. Abin da ake ji da sassafe kukan jigo ne, ƙiiƙ, ƙiiƙ, sanda na sunkuyawa, guga na nitsewa, ruwa ya zubo a bakin hanya ya bi kwami ɗaya bayan ɗaya a hankali. Kowane jigo da muryarsa. Kana daga kan tudu za ka iya cewa na wane ne ya tashi, na wane kuma har yanzu mai shi yana fama da bargo. Jakuna na ɗaure a gindin giginya suna jiran mangalar albasar da za a kai Mai'aduwa, tsofaffin mata na zuwa da ƙore sarin alayyafo, warin taki da na ɗanyar albasa sun kama riga har in ka shiga gari ba sai an tambaye ka daga ina ba. Ruwa kuwa da ƙarfin kafaɗa ake samo shi, guga bayan guga, saboda haka ba mai wasa da shi. Yanzu mutum ya fizgi igiya sau ɗaya, ya koma inuwa yana latsa waya, ruwa na malala har kan hanyar babura.

Ni ba ɗan fadama ba ne. Ɗan tudu ne daga wajen Zango, gero da gyaɗa na sani, sai dawa in ƙasa ta yarda. Shekarar da na yi aure damina ta yi mana gardama, ta ɗauke gero na bununi, muka girbe kara. Kafin sanyi ya shigo ko ɓera ya daina leƙa rumbuna. Maiɗakina na da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidansu tun lokaci bai yi ba, don can akwai ɗan abin sawa a baki. Sai ga saƙo ta bakin kawunta: mahaifinta ya ce in ba ni da abin yi, lambunsa na neman hannu. Ba shi da ɗa namiji da ya tasa. Abin da aka tsinka a lambun nan shi za a kai kasuwa a dawo da dawa, shi zai ci da gidansa da nawa har saukar wata damina. Kowa ya san haka, ba wanda ya furta.

'Ya'yan yau ba za su gane irin zaman da muka yi da shi ba. Surukina ne, kuma 'yarsa ta fari nake aure. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in ratse, in tuɓe takalmi, in durƙusa tun daga nesa. Ko ruwa ba na sha a gabansa. Shi ma bai taɓa kama sunana ba, in yana son abu sai ya gaya wa iska: "A kawo fartanya," ko "A buɗe wa na gabas." Wata biyu muna aiki kafaɗa da kafaɗa ban ce masa "me ya sa" ko sau ɗaya ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya faɗi haka ba a lambun surukinsa ya faɗa ba.

Ga shi kuwa abin tambaya ya yi yawa. Ranar dashe yakan tumɓuke irin tumatir daga wurin reno, ya karkaɗe ƙasar, ya kama 'yar doguwar saiwar nan ta tsakiya ya tsinke bakinta da farcen babban yatsa, kamar mai kashe ƙwarƙwata. Taki ba ya barbaɗa shi a sama, sai ya tona rami ya binne shi can ƙasa, inda ni a ganina shukar ba za ta taɓa sanin yana nan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙishirwar da yake gana musu. Da dashe ya kama ya miƙe, sai ya toshe bakin kwamin da laka ya bar shi kwana huɗu, kwana biyar, har ganye ya fara langaɓewa da rana tsaka, ga ruwa a rijiya, ga ni da ƙarfina ina zaune. Ran da zai ba shi kuma sai ya ba shi har kwamin ya ƙoshi, ruwa ya kwanta. Albasa kaɗai yake lallaɓawa a kai a kai. A raina na ce tsohon nan rowa ta yi masa yawa, har ruwan Allah yake yi wa ƙwauro. Bakin rijiyar kuma ya bar shi cunkus da zogale da gauta da tsohuwar kuɓewa, ko wucewa za ka yi sai ka karkace. Wannan na sa masa suna ƙazanta, a raina dai.

Da sanyi ya tsananta ciwon haƙarƙari ya kayar da shi. Surukata ce ta ba ni saƙo daga bayan zana, muryarta ƙasa-ƙasa: "Ya ce a kula da lambu." Iyakar abin da aka ce ke nan. Ni kuwa sai ka ce an kwance akuya daga turke. Shi kwami huɗu na tumatir ya dasa kafin ya kwanta, saura shida suna jira, na dasa su yadda zuciyata ta ba ni. Ban tsinke wa ko ɗaya saiwa ba, na ce wa zai yanke wa jariri ƙafa. In ramin ya yi mata kaɗan sai in lanƙwasa ta in danna da yatsa. Taki na shimfiɗa shi a sama inda kowa zai gani. Ruwa safe da yamma, kaɗan-kaɗan, don kowa ya samu. Sa'an nan na ɗauki fartanya na share gefen rijiyar na yamma, inda jigo ke zuba, na tumɓuke gauta da kuɓewar da ke wurin, na ja kwamina na shida har bakin rijiya don kada ƙasa ta zauna a banza.

Kai, ganyen ya yi kyau. Tumatirina ya tashi shar, ya wuce na tsohon tsawo, masu wucewa na tsayawa suna cewa tubarkalla. Har na fara tunanin ranar da zai warke ya zo ya gani, ya gaya wa iska cewa an yi ƙoƙari. Wani dattijo da lambunsa ke maƙwabtaka da namu ya tsaya wata rana yana tauna goro, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ganye ya yi kyau, samari. Ka leƙa ƙasa kuwa?" Na yi dariya, na ɗauka hassada ce. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Bazara ta shigo da wuri, kuma da fushi. Rijiya ta fara ja da baya, yau taƙi, gobe taƙi biyu, har guga ya koma fitowa rabi ruwa rabi laka. Ran da na kasa ba kwamaina ruwan yamma, kafin hantsin gobe sun kwanta kamar an zuba musu ruwan zafi. Fure ya fara kakkaɓewa. Kwamai huɗun tsohon kuwa suna tsaye ƙyam a rana ɗaya, ƙasa ɗaya, har da 'ya'ya suna nuna. A nan tsoro ya shige ni, kuma ba na jin kunyar faɗa yanzu, har tona kusurwoyin kwamansa na yi ina neman layar da ya binne. Ban sami komai ba sai ƙasa. Abinci ya daina shiga mini. Maiɗakina watanta ya tsaya, gida biyu sun zuba ido a kan abin da zan kawo, ni kuwa ina kallon fiye da rabin lambun yana mutuwa a hannuna.

Abin da ake yi sananne ne. Ka faɗa, a haɗu mutum huɗu ko biyar a yashe rijiya, ɗaya a ciki da igiya a ƙugu, saura a sama suna jan kwando suna kallon bango. Amma in mutane sun taru za su ga kwamaina, kafin azahar magana ta isa ɗakin da yake kwance. Sai na zaɓi ranar kasuwa, ranar da fadama ke zama wayam. Da hantsi na ɗaura igiya a gindin jigo na sauka ni kaɗai da ƙwarya da kwando.

Rijiyar ba ta fi gaba biyu da rabi ba. Na cika kwando uku, ina kan na huɗu, sai na ji wani abu yana zuba mini a ƙeya, siri-siri, kamar ana tankaɗe. Na ɗaga kai. Bangon yamma, wanda na share, wanda na yi wata guda da kwanaki ina jiƙa shi safe da yamma, na ga ya tsage ya yi ciki. Ban ji ƙara ba. Duhu kawai na gani, da nauyi, da yashi a baki. Da na samu na buɗe ido ƙasa ta binne ni har hammata, igiyar da na sauko da ita ta ɓace a ciki, hannuna biyu ne kaɗai a waje. Duk numfashin da na fitar sai yashin ya ƙara matsowa ya cike gurbin. Daga ƙasa kuma sanyin ruwa na hawa ƙafafuna, ina jin abin da na taka yana narkewa yana ja na a hankali. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ba mai amsawa sai wata kurciya a kan giginya.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai na ji takun sanda, da tari, tarin da na sani. Ashe ranar ce ya fara tashi, ya lallaɓo ya ga lambunsa. Inuwar kansa ta faɗo a kaina. Wallahi, ina cikin wannan hali, abin da na fara yi shi ne sunkuyar da kai.

"Akwai mai rai a ciki?" ya tambayi rijiyar.

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Sai ya kira sunana. Sunana na yanka, tiryan-tiryan, sau biyu.

"Na'am, Baba."

"Alhamdu lillahi. Kada ka motsa. Ƙasa tana jin motsi."

Ya kwance igiyar guga ya zuro mini, ya ce in zagaya ta ƙarƙashin hammata in ƙulla a ƙirji. Na ji shi yana ƙwala wa wata mai tallan nono kira a kan hanya: "Baiwar Allah, ajiye ƙwaryar nan ki ruga kasuwa, ki ce rijiya ta rufta da mutum a fadama!" Sa'an nan igiyar ta miƙe ta yi tauri. Jan da ƙasa ke yi mini ya tsaya. Kasuwar kuwa tafiya ce mai ɗan nisa, zuwa da dawowa.

Na shiga kalmar shahada da ƙarfi, jikina na ɓari, yashi na ƙara zubowa saboda ɓarin.

"Shahada ta yi kyau, yi ta yi," ya ce daga sama. "Amma buɗe idonka. Dubi bangon da ke damanka. Me ka gani?"

Ruftawar ta yanki ƙasa ne daidai tsakanin kwaminsa na ƙarshe da nawa, ta bar su a buɗe kamar an tsaga kabewa. Na duba.

"Saiwa, Baba."

"Faɗa mini yadda take."

Na fara faɗa, ina haki. Na ce daga gindin tumatir ɗaya sun fito sun fi goma, fari fat, kowacce ta nufi ƙasa. Na ce kowacce ta yi rassa, rassan ma sun yi nasu, har sun koma siraran da ido ba ya iya bi. Na ce akwai inda suka wuce santal ba reshe, akwai kuma wani wuri baƙi, kamu guda daga sama, inda suka taru suka yi cunkus.

"Takin da na binne ne," ya ce. Ya yi tari mai tsawo, igiyar na rawa a ƙirjina. "Wadda na tsinke wa baki, ta ga hanya ɗaya ta toshe, sai ta buɗe goma. In na hana ta ruwa a sama, sai ta bi damshi ƙasa. Busasshiyar ƙasa ba ta tsayawa yin reshe a ciki, wucewa take yi. Inda ta tarar da laima da abinci, nan take baza iyali. Albasa ce ba ta da wannan dabara, zare kawai gare ta, shi ya sa ake lallaɓa ta. Gaba da su fa?"

Gaba da su saiwoyin zogale ne da na gauta da kuɓewar da ban kai ga tumɓukewa ba. Sun saƙa bangon gabas kamar taru. Ga manyan ɓaraguzan ƙasa sun tsage suna rataye a kaina, ba abin da ke riƙe da su sai waɗannan zaruruwa, wasu sun miƙe har suna rawa. Abin da na kira ƙazanta shi ne tsakanina da kabari.

"Yanzu dubi hagu."

Tumatirina ne a bakin gaɓa, uku sun karkato suna leƙo ni. Saiwarsu ba ta kai taƙi ba, 'yar tuttuƙa ce a sama kamar gemun bunsuru, ta tsakiyar kuma na nan a lanƙwashe yadda yatsana ya danna ta. Ƙarƙashinsu yashi ne zalla har inda nake. Na kawar da idona.

"Ba ka ga komai ba?"

"Na gani, Baba."

"To."

Sai bangon hagun ya sake saki. Yashi ya zubo ya kai mini wuya, igiyar ta fizge ni sama har haƙarƙarina ya yi ƙara, na ji tsohon ya yi wani nishi da har yau yana kunnena. Ƙura ta lafa. Na ɗauka ya saki, ko ya faɗi. Can sai muryarsa ta dawo, ta yi ƙanƙanta.

"Laifina ne, yaro. Ina ganinka kana kallon hannuna, na san tambaya ce a bakinka. Na ce kunya ce, kunya kuwa ado ce. Da iska na gaya wa ma, ai da ka ji."

Mutane sun iso da kwanduna da fartanyu, suka tona daga gefe, ba su fito da ni ba sai wajen la'asar. A lokacin na ga yadda yake zaune. Ya tokare dugadugansa da gindin jigo, igiyar na ɗaure a ƙugunsa, ta yanki riga ta shiga nama. Mutumin da kwana arba'in bai iya ɗaga buta ba. Aka ɗauke shi a kan jaki aka mai da shi gida.

Kwamaina shida duk sun mutu. Nasa huɗun da albasar su suka kai gida biyu damina, da ƙyar, da kunu tsararo. Da na je gaishe shi na durƙusa a zaure, ya amsa daga ciki yana fuskantar bango, ya gaya wa iska, "A sake shuka gauta a gefen yamma." Kunya ta koma mazauninta kamar ba a yi komai ba. Ya ga sunan ɗana, bai ga ruwan farko ba. Hirar da muka yi ina rami yana sama ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe, kuma da ita na ci abinci duk rayuwata.

Jikana, ɗan wancan jaririn, shi ke da lambun yanzu, magidanci ne da 'ya'yansa uku. Tsakanina da shi ba kunya ko ta anini, abokin faɗana ne tun yana rarrafe. Na gaya masa zancen saiwa ya fi a ƙirga, a fili, da sunansa. Yakan ce, "Tsoho, wannan ai zamanin jigo ne. Mu da ruwa ke zuwa a tiyo, me za mu yi da ƙishirwa?" Kullum sai ya cika kwamai. In na zagaya nakan faki idonsa in tumɓuke ɗaya in duba, gemun bunsurun nan nake gani, shi dai. Da injin ya fara tari, sai shi da yaran gida suka yi abin da kowa ke yi a fadamar yanzu, suka haƙa rami a gindin bututun da ake zuƙo ruwa ta cikinsa, suka sauke injin ciki don ya kusanci ruwa. Ramin ya kai gaba biyu. Bakinsa tas, ko ciyawa babu, ga tiyo na yoyo a gefe ɗaya.

Yau da hantsi na tarar da shi a ciki shi kaɗai yana ƙara zurfi. Ban yi masa faɗa ba. Na kwance igiyar akuya na zura masa, na ce ya ɗaura a ƙirji. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Tsoho, in ya rufta ai tare za mu tafi, ka bar mini amaryata gwauruwa." Amma ya ɗaura. Na zagaya ɗaya bakin a ƙuguna, na zauna, na nemi abin da zan tokare ƙafa ban samu ba, don gindin jigo ya daɗe da zama itacen girki.

Na ce, "Dubi bangon da ke damanka. Me ka gani?"

Ya ce, "Yashi."

"Hagu fa?"

Dariyar ta fita daga muryarsa. "Yashi ne, Kaka. Yana ma zubowa kaɗan-kaɗan."

Na ce, "Fito."

Ya fito. Amma tumatirinsa ba zai kai jibi babu ruwa ba, ni na sani, shi ma yanzu ya sani. Gobe zai sake shiga. Na aika wa maƙwabta a fili, da bakina, na ce mutum biyar nake so da kwanduna tun da safe. Igiyar kuwa ban mayar wa akuya ba, tana nan a gefen tabarmata.